Fenti ba ya ɗora karaya

Kai mai karatu, ko kana Matankari, ko Dumega, ko Sukukutan, ka san motar kasuwa. Ita ce bashe, wadda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa a-kori-kura. Ita ke kai hatsinka da wakenka Dogon Dutsi. Ita ke ɗauko rake da rogo daga fadamun Dallol Mawri. In haihuwa ta yi wa mace gardama cikin dare, sau da yawa ita ake tayarwa. In an yi rasuwa a Tibiri, ita ke kwasar masu gaisuwa. Ko ba ka da mota, kana shiga mota, kai da matarka da ɗiyanka. Saboda haka maganar gyaran mota maganarka ce.

Akwai wata mugunyar al'ada da ta zauna a garejinmu, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta a fili. Bashe ta yi karo, gabanta ya lotse. A ja ta zuwa gareji. Bayan kwana uku ko huɗu sai ga ta a tasha tana walƙiya, an shafe ta da sabon fenti, yaron mota na kiran fasinja. Kowa ya ce: "Kai, wannan mai gyara ya iya aiki!" Ba wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Fuska aka gyara, aka bar ƙashi a karye. Wannan shi ne gyaran ido. Mai yin sa da mai sa a yi shi duk suna wasa da rayukan mutane.

Abin da karo ke yi wa mota

Ka san hanyarmu. Babbar hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi Doso da Kore Mai Ruwa da Dogon Dutsi, ta wuce Birnin Ƙonni. Cikin dare shanu na ƙetare ta. Amalanken jaki na bin gefenta ba fitila. Babbar mota na lalacewa ta tsaya a tsakiya, ba alama sai ƴan rassan itace. In ka sauka daga kwalta kuma, ga gargada, ga rairayi, ga ramin da ruwan damina ya haƙa. Shi ya sa gaban mota ke yawan shan duka a ƙasarmu.

To, yaya ƙarfin dukan yake? Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abin da ba ya motsi, kamar ta faɗa da ka ne cikin rijiya mai zurfin mita 10, wajen gaba biyar ko shida. In gudun ya kai kilomita 100, zurfin rijiyar ya kusan mita 40. Ka lura: gudu ya ninka sau biyu, duka ya ninka sau huɗu.

Wannan ƙarfi ba ya tsayawa kan kwanon da ya lotse. Yana ratsawa ciki. Ya bi ta shasi, wato ƙarafan da dukan motar ke zaune bisansu. Toyota Hilux tana da dogayen ƙarafa biyu tun daga gaba har baya, kamar tsani a kwance. Peugeot kuwa, ƙarafan gabanta a haɗe suke da jikin motar. Ko wace iri ce, a jikin waɗannan ƙarafa aka ɗaura inji, da ƙafafun gaba, da kayan sitiyari, wanda wasu ke ce wa bolan. In sun karkace, duk abin da ke ɗaure jikinsu ya karkace.

Bayan shasi, ga sandunan ƙarfe masu juya ƙafafu in direba ya murɗa sitiyari. Ga rotil, wato gwiwar ƙarfen da ke bakin kowace sanda. Ga bututun man birki. Ga radiyater mai sanyaya inji, wadda ake ce wa lagireto a Najeriya. Ga maƙullin kapo, murfin inji ke nan. Yawancinsu ba ka ganin su in kana tsaye gaban mota. Su ne kuwa ke riƙe da ranka.

Yadda ake gyaran ido

Ga yadda ake yi, kuma duk wanda ya taɓa zama bakin gareji ya gani. A ɗaura sarƙa a gaban motar, a ɗaura ɗaya bakin ga gindin gawo. Direba ya sa giyar baya ya fizga, ya sake fizga, har gaban ya fito. Ba a auna komai ba. Toliye, mai bugun kwano, ya ɗauki guduma ya daddaka. Inda kwano ya ƙi miƙewa a cika shi da mastik, wani wuri kaurinsa ya kai yatsa. Sandar sitiyari da ta lanƙwashe, a hura mata wutar walda har ta yi ja, a buga ta ta miƙe, a mayar da ita. Rotil da ta saki, a cusa mata guntuwar robar taya don ta daina ƙara. Radiyater na yoyo, a zuba mata garin taba ko ɗanyen ƙwai. Kapo ya ƙi kamawa, a ɗaure shi da igiya. Daga nan sai fenti.

Ka taɓa ganin maɗori ya bar ƙafar yaro a karye, ya ce a ɗinka masa sabon wando? Da ya yi haka, da garin ya kore shi. Maɗori na ƙwarai sai ya lalubi ƙashin, ya ja shi ya koma wurinsa, ya gwada tsawon ƙafar da ƴar'uwarta, sannan ya ɗaure da karare. Me ya sa muke yarda a yi wa motar da ke ɗaukar mutum ashirin abin da ba mu yarda a yi wa ƙafar mutum ɗaya?

Tambayi maƙerin garinku

Masu gyaran ido na cewa: "Ai ƙarfe ƙarfe ne. In ya lanƙwashe a miƙe shi." Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ba sai ka je makaranta za ka gane ba. Je ka maƙera. Tambayi maƙeri abin da ke faruwa in gatari ya faɗa cikin wuta ya kwana. Zai gaya maka taurinsa ya tafi, bakinsa zai riƙa naɗewa. In kuma an tsoma jan ƙarfe cikin ruwa ba bisa ƙa'ida ba, sai ya yi tauri fiye da kima, ya riƙa ɓallewa. Maƙeri ya san wutar kowane ƙarfe da ruwansa.

Haka kayan sitiyari suke. A masana'anta an ba su wuta da awo, an sanyaya su da awo, don su jure dukan hanya shekara da shekaru. In mai walda ya hura musu wuta har suka yi ja, wancan horo ya lalace. A ido sandar ta miƙe. A cikinta kuwa ƙarfin ya tafi.

Ga wani gwaji da za ka yi da hannunka. Ɗauki guntuwar waya ka lanƙwasa ta, ka miƙe, ka sake lanƙwasawa. Ba da jimawa ba za ta katse, daidai wurin da ka lanƙwasa. Sandar da karo ya lanƙwasa, guduma ta miƙe, ta riga ta sha lanƙwasa biyu. Sauran kuwa gargadar hanyar Gesheme za ta cika mata su, kullum kaɗan kaɗan. Ranar da za ta katse ba ta sallama. Direba zai murɗa sitiyari, ƙafa ɗaya ta bi, ɗaya ta ƙi. In motar na cike da buhuna, mutane na zaune bisa buhuna, ka san sauran labarin.

Don haka ga doka ta farko, ka riƙe ta kamar sunanka: kayan sitiyari da kayan birki, in sun lanƙwashe ko sun tsage, ba a miƙe su, ba a yi musu walda. Canza su ake yi.

Igiya ta fi ido gaskiya

Kada ka ce gyaran ƙwarai sai Yamai ko Kano, inda ake da manyan injuna. Abin da ya fi muhimmanci ana iya yin sa a Dogon Dutsi, har a Kiyeshe, da igiya da alli da daɓe mai daidai.

Ka ga magini in zai kafa ɗaki? Yakan ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, sannan ya ja daga ɗaya kusurwar zuwa tata abokiyar. In igiyoyin biyu sun zo ɗaya, ɗakin ya daidaita. Haka ake auna shasi. Akwai ramuka da kusoshi a jikinsa, na dama da na hagu, kowane da ɗan'uwansa. A auna daga ramin gaba na hagu zuwa ramin baya na dama. A auna daga na gaba na dama zuwa na baya na hagu. In bambancin ya wuce kaurin fensir, shasi ya karkace, ko da fuskar motar ta fi ta amarya kyau.

Awo na biyu: a miƙe ƙafafun gaba sak. A auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ƙafar baya, a dama, sannan a hagu. Dole su zo ɗaya. In ɗaya ya gaza, karo ya tura wannan ƙafa baya.

In an ga karkata, sai a ja. Amma ja daban, fizga daban. A kafe motar kada ta motsa. A ja da sarƙa da jak sannu sannu, ta fuskar da dukan ya shigo. A tsaya a auna. A ƙara ja, a ƙara aunawa. Kowa ya kauce daga layin sarƙar, don in ta tsinke tana iya kashe mutum. Ƙarfen shasi da ya ɗan lanƙwashe yana komawa. Wanda ya naɗe ya yi kaifi kamar takardar da aka ninke, ko ya tsage, wannan wurin ya mutu. Sai a yanke shi a sa lafiyayye, a ƙarfafa mahaɗar da faci na ƙarfe mai kauri irin nasa. Aikin babban mai walda ne, kada a bar wa yaron da ya fara koyo bara.

Sai shasi ya daidaita sannan a ɗaura sababbin kayan sitiyari, a saita ƙafafun gaba. Sannan birki. Sannan radiyater da fitilu da kapo. Bugun kwano da fenti su ne na ƙarshe. In kuɗi sun ƙare kafin a kai gare su, motar ta fita da tabonta. Tabo ba ya kashe kowa.

Birki, ruwa, kapo da fitila

Bututun birki siriri ne, karo na iya matse shi ko ya tsaga shi. Ba a ɗaure shi da roba, ba a toshe na ƙafa ɗaya a ce sauran uku sun isa. Motar da ke kama birki da gefe ɗaya, ranar da direba ya taka da ƙarfi sai ta juya ta nufi wancan gefe. Kuma birki na da mansa na musamman. Man inji na kumbura robobinsa. Ruwan sabulu na sa tsatsa, kuma in birki ya yi zafi ruwan na tafasa, direba ya taka ya ji ba komai ƙarƙashin ƙafarsa.

Radiyater ta tsohuwar mota, irin ta tagulla, tana gyaruwa da dalma, kuma muna da masu wannan aiki da suka ƙware. Wannan gyara ne na halal. Amma garin taba da ƙwai suna toshe rami su toshe hanyar ruwa gaba ɗaya. In kuma an matse bututu da yawa don a hana yoyo, ruwan ba ya samun wurin hucewa. A watan Afrilu zafin ƙasarmu na wuce awo 40. Motar ta ɗauki kaya ta shiga rairayin dallol, sai inji ya tafasa ya ƙone. Mai mota ya guji kuɗin radiyater, ya faɗa kuɗin inji.

Kapo na da maƙulli biyu: babba, da ƙaramin ƙugiya mai riƙe shi in babban ya saki. Dukansu dole su yi aiki. Igiya na cinyewa da zafi da girgiza. In ta tsinke ana cikin gudu, iska ta ɗaga kapo ya rufe gilashin gaba. Motar da ke gudun kilomita 80 na cin mita 22 kafin ka ce "ɗaya". Mita nawa za ta ci kafin makahon direba ya tsayar da ita?

Fitila kuma ba a liƙa ta kawai don ta cika rami. Bayan karo mazauninta na karkacewa. Wata ta haska sama tana makantar da mai zuwa, wata ta haska daji ta bar hanya cikin duhu. A tsayar da motar da dare mita 10 daga bango, a kunna ƙaramin haske. Hasken biyu su sauka daidai da juna, ƙasa da tsayin fitilun da kamar faɗin tafin hannu.

Masu cewa ba kuɗi

Mun san abin da mai mota zai ce, kuma ba mu raina maganarsa ba. Kayan mota na da tsada. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsalle. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A 2023 kuma aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, kaya suka yi wuyar samu. Duk gaskiya ne.

Amma mu yi lissafi. Motar da ƙafafunta ba su daidaita ba tana tafiya tana goge taya da ƙasa, tana cinye gefe ɗaya. A ce taya ɗaya jika 20 ce. A ce maimakon tayun gaba biyu su yi shekara, sai su ƙare cikin wata huɗu. A shekara ka sayi taya 6 ke nan a maimakon 2. Taya 4 na banza, jika 80 sun tafi. Ƙara man da take sha fiye da kima, tunda a karkace take jan kanta. Kuɗin da ka ce ba ka da su, ka biya su, sai dai mai taya ka ba. Araha ba ta ado.

Kuma ba dole sai sabo fil ba. Kayan okaziyo na ainihi, waɗanda aka ciro daga motar da ba ta yi karo ta gaba ba, sun fi na jabu mai sheƙi cikin kwali. Ana samun su a Yamai, da Sakkwato, da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai a duba su da kyau: sanda miƙaƙƙiya ba tabon wuta, rotil mai tauri ba ta rawa. Bututun roba na birki kuwa, shi kam sabo ya kamata.

Wani zai ce: "Kaka ce, kasuwa na ci, ba ni iya ajiye mota mako biyu." To, in ta kife da mutane a hanyar Ɗankasari, mako nawa za ta kwanta? Kai kuma mako nawa za ka yi kana zarya wurin jandarma? Daga Dogon Dutsi zuwa Doso kusan kilomita 140 ne, zuwa Yamai ya wuce 270. Wanda ya karye a ka ko a baya, wannan tafiya ce zai yi kafin ya isa babban asibiti. Ba kowa ke isa ba.

Masu cewa ƙaddara ce

In haɗari ya auku sai ka ji an ce: "Kwana ne ya ƙare." Rai na hannun Allah, ba mai musu. Amma wane manomi ne ke barin rumbunsa a buɗe cikin damina ya ce in hatsin zai ruɓe ƙaddara ce? Wane makiyayi ne ke barin garke ba shinge inda kura ke yawo? Mutumin da ya san sandar sitiyarinsa ta sha wuta, ya loda mutane ya karɓi kuɗinsu, kada ya ɓuya bayan ƙaddara. Ya ci amana, kuma ya sani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a haɗarin hanya. Cikin kowace mota 100 ta duniya, wajen 3 kawai ke ƙasashenmu na Afirka. Amma cikin kowane mutum 100 da hanya ta kashe, kusan 20 namu ne. Shin ƙaddara ta fi son Afirka ne? A'a. Gudu ne, da barcin direba, da lodi fiye da kima, da lalacewar hanya, da nisan asibiti, da motoci marasa lafiya. Gyaran hanya sai gwamnati. Lafiyar mota kuwa tana hannunmu.

Masu cewa a zubar da tsofaffin motoci

Akwai kuma mutanen birni masu cewa maganin abin shi ne a hana tsofaffin motoci hawa hanya. Su ma ba mu tare da su. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, Hilux ita ma a 1968. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma wajen shekara 30 ana fitar da 504 daga can. Shi ya sa makanikanmu suka san cikinta kamar tafin hannunsu. In an kore su yau, wa zai sayo wa Dogon Kirya sabuwar mota? Wa zai kai wake kasuwa kafin ƙwari su cinye shi? Tsufa ba laifi ba ne. Tsohuwar motar da aka ɗora ƙashinta daidai ta fi ƴar shekara biyar da aka rufe karayarta da mastik.

Laifin na wa?

Kada a ɗora wa makanike shi kaɗai. Muna da masu gyara na ƙwarai a Arewa, waɗanda ke tayar da motar da a wata ƙasa da tuni an kai ta bola. Da yawa cikinsu sun san daidai. Amma mai mota ya zo ya ce: "Maigida, ka dai rufe mini ita, jibi kasuwa." In ya ƙi, a kai wa na kusa da shi. Mai saye shi ma na da laifi: fenti yake kallo, shi yake biya. Mu fasinja ma muna da namu. Mukan yi minti goma muna duba haƙoran rago kafin mu saya, amma mu haye mota da ƴaƴanmu ba mu ko kalli tayarta ba.

To, ga abin da kowa zai iya yi.

Kai fasinja, kafin ka hau, dubi tayun gaba. In gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, ƙafafun ba su daidaita ba. Dubi kapo, in igiya ke riƙe da shi, ka yi magana. In motar ta taso, kalle ta ta baya. Wadda ke tafiya a gicciye kamar kare, gindi gefe kai gefe, shasinta ya karkace. In ka ga direba na riƙe da sitiyari a murɗe alhali hanya miƙaƙƙiya ce, akwai abin da ke damunta. Jiran wata mota awa biyu ya fi kwanciya asibiti wata biyu.

Kai mai son sayen bashe, kada ka je kai kaɗai, tafi da makaniken da ka yarda da shi. Ka ɗauki mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar rediyo, ka bi gaban motar da shi. Inda ya ƙi mannewa, mastik ne. Ka kwanta ƙarƙashi ka nemi tabon wuta da sabuwar walda. Ka sa a tuƙa ta sak bisa ƙasa mai laushi, ka dubi sawu: in sawun baya ya kauce gefe ɗaya daga na gaba, ka riƙe kuɗinka.

Kai mai mota, in an gama gyara kada ka karɓa sai ka gwada. A ɗaga gaban da jak, ka kama ƙafa dama da hagu ka girgiza, ka kama sama da ƙasa ka girgiza. Kada ka ji tana ƙwal-ƙwal. Ka taka birki da ƙarfi ka riƙe, ka ƙirga talatin. In yana nutsewa a hankali, akwai yoyo. Ka ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire a hannunka. Tunda ka iya rubutu, ka rubuta kowane abu da kuɗinsa, kai da mai gyara ku sa hannu. Takarda ba ta mantuwa.

Ka kuma san wannan. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a Yawunde a 1992 kan dokar asurans guda ɗaya. Asurans ta dole tana biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna. Ba ta gyara maka taka motar. Don haka kuɗin gyara daga aljihunka za su fito. Matanmu sun daɗe da sanin maganin wannan: adashi. Me zai hana direbobin tasha guda su riƙa zuba wani abu kowace ranar kasuwa, don wanda tsautsayi ya faɗa wa ya samu na sayen kayan ƙwarai?

Ku shugabannin tasha da na sandikar direbobi, ku ne ke rubuta layi, ku ne ke cewa wannan ta yi lodi, wannan ta jira. Ku kafa ƙa'ida: motar da ta yi karo ta gaba ba ta komawa layi sai babban makaniken da kuka amince da shi ya ja mata igiya, ya girgiza ƙafafunta, ya taka birkinta a gaban shaidu. Wannan ba ya bukatar kuɗin gwamnati, ba ya bukatar takarda daga Yamai.

Ku kuma iyayen gidan gareji, yaran da ke ƙarƙashinku abin da suka gani shi za su yi in sun buɗe nasu. Ku koya musu awo kafin guduma. In mai mota ya ce a hura wa sandar sitiyari wuta, ku ce masa: "Alhaji, ka yi haƙuri, ban yin wannan aiki." Yau zai yi fushi ya tafi. In garejin gari duka sun ba shi amsa ɗaya, gobe zai dawo da sabuwar sanda a hannu.

Ka kai wannan magana dandali, ka kai ta tasha ranar kasuwa. In akwai direba ko makanike a garinku, ka karanta masa, ku yi gardama a kai, sannan ku ɗauki igiya ku je ku auna motar garin. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.